Waiwaye: Yadda Kano ke shan ruwan wata huɗu a wata goma sha biyu

Ruwan saman Kano na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sai ɗan abin da ba a rasa ba a Mayu. Mafi yawansa a Agusta yake sauka, lokacin marka. Daga nan sama ta rufe bakinta sai baɗi. Saboda haka tun fil azal tambayar birnin ɗaya ce: ina za a ajiye ruwan damina har ya kai mutane ƙarshen rani?

Mutanen da sun ajiye shi a ƙasa. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu, Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki. Duk ramin da aka haƙi ƙasar gini ya zama kududdufi, damina ta cika shi, ruwan ya riƙa tsatsafowa sannu a hankali yana ciyar da rijiyoyin da ke kewaye. Kududdufi ba wurin tsafta ba ne, gidan sauro ne da shara, amma yana yin aiki biyu ba tare da an biya shi ba: yana tare ambaliya, yana kuma shayar da ƙasa. Wannan na da muhimmanci a Kano, domin dutse ne a ƙarƙashin birnin. Ruwa ba ya samun wurin zama sai a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke samansa, kuma wannan ma'ajiya ba ta da zurfi. Shi ya sa a Afrilu ake ƙara wa guga igiya, a kira masu yasar rijiya, a Agusta kuwa ruwan ya taso har yaro ya iya ja.

Famfo ya shigo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka gina matatar ruwa a bakin kogin Challawa. Sai dai a lokacin Challawa ɗan damina ne, da rani yashi ne shimfiɗe. Farin farkon shekarun 1970 ya nuna cewa dogaro da kogi kawai ganganci ne. Gwamnatin Audu Bako ta duƙufa gina madatsun ruwa, babbarsu Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Ta Challawa da ke Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Su ne randunan birnin, daga cikinsu ake sako ruwan da matatun Challawa da Tamburawa ke ja da rani. Sabuwar matatar Tamburawa ta zamanin Malam Ibrahim Shekarau an gina ta ne don tace lita miliyan 150 a rana. Randa ma tana fashewa in ruwa ya yi mata yawa, kamar yadda madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, lokacin da ruwa ya fi yawa shi ne lokacin da ya fi ƙazanta. Kowace uwar gida ta san ba a tarar ruwan farko daga indararo, sai an bar shi ya wanke ƙurar rani da kashin tsuntsu daga kwano. To abin da ruwan farko ke yi wa rufin gida, shi yake yi wa gari baki ɗaya. Kwatocin da suka cushe da leda tun rani, bola, jinin mayanka, duk ya kwashe su ya yi rafi da su. Gurɓataccen ruwan masana'antun jima da na rini na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗe da Jakara, har madatsar Wasai, kuma a hanya ake ban ruwan latas da kabejin da ke dawo mana kasuwa. Da rani wannan dagwalo ba ya samun abin da zai sirka shi, da damina kuwa ya sirku amma ya yi nisa.

Kogin kansa ja wur yake zama da laka a Agusta. In ka ɗebo bokiti ka jefa ɗan alif ka juya, ka ba shi rabin awa, za ka ga taɓon da zai kwanta a gindi. Aikin da matata ke yi ke nan a kan miliyoyin lita, don haka damina ta fi cin sinadari da kuɗi. Alif kuwa laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, wannan aikin kulorin ne ko tafasawa.

A cikin gida matsalar ta fi kusa. A lungunan da filin gida bai taka kara ya karya ba, taku kaɗan ne tsakanin rijiya da shadda. Ruwan ƙasa na tasowa, sai su gaisa. Bututun famfon da ya fashe a cikin kwata, in babu ruwa a cikinsa, zuƙo na kwatar yake yi. Ba banza ba amai da gudawa da taifot suka fi kama mutane da damina.

A gani na, babban abin da ya sauya ba ruwan sama ba ne. An cike kududdufai da yawa an yi shaguna da gidaje, an malale tsakar gida da siminti, an lulluɓe wani ɓangare na Jakara da kankare. Ruwan da a da yake zama ya nutse, yanzu gudu yake yi, ya shiga ɗakunan mutane, kwana biyu ya wuce. A ɗaya gefen kuma kowa na haƙa burtsatse yana zuƙar 'yar ma'ajiyar da ba a barin ta ta cika. Unguwar da aka kwashe katifu saboda ambaliya a Agusta, ita ce za ka tarar a Maris an fito tun asuba ana jiran kurar ɗan garuwa, ana cinikin jarka.