Yadda Ake Raɗa Wa Fayil Suna a Ma'ajiyar Maven Central

Maven Central ita ce babbar ma'ajiyar da masu rubuta manhaja da Java suke ɗauko laburare (guntayen manhaja da wasu suka riga suka rubuta) daga cikinta, kamfanin Sonatype ne ke kula da ita. A can, sunan fayil shi ne adireshinsa, kuma daga abu uku ake haɗa shi: groupId (sunan mai laburaren), da artifactId (sunan laburaren kansa), da lambar siga.

Ɗauki laburaren Apache mai groupId org.apache.commons, artifactId commons-lang3, siga 3.12.0. Fayil ɗin zai fito da suna commons-lang3-3.12.0.jar, a ajiye shi cikin org/apache/commons/commons-lang3/3.12.0/. Kowane ɗigo na groupId ya zama folda, amma ɗigon da ke cikin lambar siga yana nan yadda yake.

Ba a zaɓar groupId yadda aka ga dama. Sunan domen ɗinka za ka juya ta baya, kamar yadda apache.org ya zama org.apache, sannan ka tabbatar naka ne ta hanyar saka bayanin TXT a DNS ɗinsa, wato saitunan domen ɗin. Wanda ba shi da domen sai ya yi amfani da io.github haɗe da sunan asusunsa na GitHub. Shi kuwa artifactId, ƙananan haruffa ake so, a raba kalmomi da karan ɗori.

Wannan 3 da ke maƙale a commons-lang3 akwai dalilinta. Maven, manhajar da ke ɗauko maka laburaren, siga ɗaya tak take ɗauka daga laburare mai suna ɗaya. Da wani ɓangare na manhajarka zai buƙaci siga 2.6 ta wannan laburare, wani kuma 3.0, alhali suna ɗaya gare su, dole ɗaya ya rasa, sau da yawa kuma ba za ka sani ba sai manhajar tana cikin aiki ta tsaya da saƙon kuskure na NoSuchMethodError. Shi ya sa da aka fitar da 3.0 a 2011, wadda ba ta jituwa da tsohuwar, aka canza mata suna har da sunan kunshinta na Java, don su zauna tare ba rigima. Dabara ce mai kyau da masu laburare da dama ba sa bi.

Fayil ɗin ba ya tafiya shi kaɗai: akwai .pom mai ɗauke da bayanin laburaren, da -sources.jar, da -javadoc.jar, kowanne da sa hannun .asc da lambobin tantancewa na md5 da sha1. Sigar da ta ƙare da -SNAPSHOT, wato wadda ake kan aikinta, ba ta shiga cikin fitattun sigogi.

Da zarar ka wallafa, bakin alƙalami ya bushe: ba gogewa, ba gyara. In ka yi kuskure a 1.0.0, sai dai ka fitar da 1.0.1.