Bibiyar Hayaƙi da Ƙura ta Tauraron Ɗan'adam

Bibiyar hayaƙi da ƙura ta tauraron ɗan'adam hanya ce da masana yanayi ke bi don gano inda ƙura ko hayaƙin gobarar daji ya taso, da kaurinsa, da kuma inda iska za ta kai shi. Ga mutanen Zariya wannan ba baƙon abu ba ne, domin daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu kan yi kauri har dutsen Kufena ya ɓace wa mai hangensa daga nesa.

Yawancin wannan ƙura daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi. Wurin busasshen gindin tsohon babban tafki ne, ƙasarsa fara ce mai laushi. Iskar arewa maso gabas kan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta ɗebi ƙurar ta yo kudu da ita. Taurarin Meteosat na Turai, masu zagayawa daidai da juyawar duniya har ya zama kamar tsaye suke a saman Afirka, suna aiko da hoto kowane minti 15. Idan aka haɗa ma'aunin zafi da na'urarsu ke ɗauka, ƙurar kan fito da launin ruwan hoda, dare da rana. Ta haka ake ganin tashinta tun kafin ta iso Arewacin Najeriya, kuma irin waɗannan hotuna na cikin abin da ake dubawa kafin a yi gargaɗin hazo, kamar wanda hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa. A Zariya, garin da ke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, gargaɗin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Wuta kuwa ta zafinta ake gane ta. Na'urar MODIS, da ke kan taurarin Terra da Aqua waɗanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1999 da 2002, tana gano wurin da zafinsa ya zarce na kewayensa ta sa masa alama. Na'urar VIIRS, da ta fara tafiya sama a 2011, tana tantance fili mai faɗin mita 375, don haka tana kama ƙananan wutar da MODIS ke tsallakewa. Taswirar Disamba da Janairu kan cika da jajayen ɗigo a faɗin dazuzzukan Afirka ta Yamma, lokacin da mafarauta da makiyaya da masu share gona ke cinna wa daji wuta.

Inda aikin ya fi wuya shi ne raba hayaƙi da ƙura, domin a hunturu tare suke tafiya. Ƙwayar ƙura ta fi ta hayaƙi girma, saboda haka ba sa watsa hasken rana iri ɗaya. Hayaƙi kuma yana tafe da iskar gas mai guba da ƙonewa ke fitarwa, wadda tauraron Sentinel-5P na 2017 ke aunawa. Tauraron CALIPSO, da ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, shi haske yake harbowa ƙasa ya auna abin da ya dawo, ta haka yake nuna tsayin da kowane yake. Da bayanansa aka ƙiyasta cewa kusan tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke fita ta gaɓar yamma kowace shekara, wajen tan miliyan 27 daga ciki kuma na sauka a dajin Amazon, inda take zama taki.

Sai dai hanyar tana da iyaka. Gajimare na rufe komai, kuma wutar da aka cinna da la'asar ta mutu kafin tauraro ya sake wucewa ba ta shiga lissafi. Abin da ya fi muhimmanci, tauraro jimillar abin da ke tsakaninsa da ƙasa yake aunawa, ba abin da mai asma a Tudun Wada ko yaro a Samaru ke shaƙa ba. Shi ya sa ake gwada sakamakonsa da na tashoshin ƙasa. Irin waɗannan tashoshi sun yi ƙaranci a Arewa, alhali nan ne ƙurar ta fi kauri, nan ne kuma tari da sanƙarau ke yawaita a lokacin rani.