Shin wanda ake zargi da ta'addanci ba shi da haƙƙin shari'a?

A teburin mai shayi ko a majalisar bayan Isha'i nan Kano, da zarar an ambaci wanda aka kama bisa zargin ta'addanci sai wani ya ce: "Ai shi ke nan, irin wannan ba a kai su kotu." Masu faɗar haka suna da hujjarsu, don an ga iyalan da suka shekara suna jiran nasu. Amma ba haka doka ta ce ba.

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, bai kuma ware mai zargin ta'addanci ba. Yana da damar ɗaukar lauyan da yake so, a kuma ba shi tafinta kyauta idan bai jin Turanci. Sashe na 35 ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24.

Inda ruɗanin yake: dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta yarda a tsare mutum har kwana 60, ana kuma iya sabuntawa. Sai dai umarnin daga alƙali yake fitowa, ba ganin damar jami'i ba ne. A ganina sabuntawar nan ce ƙofar da ke buƙatar sa ido.

Kundin yana intanet, ku buɗe sassan biyu da kanku. Idan an tsare naku, ku tambaya: ina takardar umarnin kotu, kuma yaushe wa'adinta zai cika? Sashe na 46 ya ba ku hanyar kai kuka babbar kotu.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.