Kwalbar da ke cikin sulke: waiwaye kan giya da gado a labarin Tony Stark

A bangon fitowa ta 128 ta mujallar labarin zane ta Iron Man, wadda kamfanin Marvel ya buga a Amurka a ƙarshen shekarar 1979, babu faɗa kuma babu abokin gaba. Abin da aka zana shi ne wani mutum yana kallon kansa a madubi, gemu ya tsiro masa barkatai, gumi na tsattsafowa daga goshinsa, ga kwalkwalin ƙarfe a gefe, ga kwalbar giya a kusa da hannunsa. Mutumin shi ne Tony Stark, attajirin maƙerin makamai da aka ƙirƙira a 1963, wanda yake shiga sulke ya yi yaƙi da miyagu. Wannan hoto ne ya buɗe wata magana da marubuta daban-daban suka yi ta juyawa fiye da shekara 30: me ya kai mutum irin wannan ga kwalba, kuma ina rabon gidan da ya tashi a ciki?

Kafin lokacin, irin wannan labari ba shi da sauƙin fitowa. A 1954, bayan likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara har Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kan batun, masu buga su sun kafa wa kansu hukumar tacewa mai buga hatimi a bangon duk mujallar da ta amince da ita. Sai a 1971 ƙofa ta fara buɗewa, lokacin da ma'aikatar lafiya ta Amurka ta roƙi Stan Lee, marubuci kuma editan Marvel, ya yi labarin gargaɗi kan miyagun ƙwayoyi, ya yi shi a fitowa uku ta mujallar Spider-Man, ya kuma fitar da su ba tare da hatimin ba da hukumar ta ƙi amincewa. A shekarar aka sassauta dokokin. Ita kuwa giya ba a taɓa ɓoye ta ba, domin tun farko ana zana Stark da kofi a hannu a wuraren biki, a matsayin alamar wadata da wayewa.

David Michelinie da Bob Layton, tare da mai zane John Romita Jr., su ne suka fara kallon wannan kofi da idon tuhuma, a labarin da aka fi sani da Demon in a Bottle, wato aljani a cikin kwalba, daga fitowa ta 120 zuwa ta 128. Matsaloli suka taru wa Stark: ana neman saye rinjayen hannun jarin kamfaninsa, kuma wani abokin hamayya mai suna Justin Hammer ya sarrafa sulkensa daga nesa har ya kashe wani jakada a bainar jama'a. Kullum abu ya tsananta sai ya ƙara zuba wa kansa. Cikin maye ya ci mutuncin Jarvis, dattijon hadimin da ya daɗe yana yi wa gidansu hidima, har ya ajiye aiki. Cikin maye kuma ya je ɗaga taragon jirgin ƙasa mai ɗauke da iska mai guba, ya suɓuce masa ya fashe. Budurwarsa Bethany Cabe ce ta tsaya a kansa, ta ba shi labarin mijinta da jarabar ƙwayoyi ta cinye, ta zauna da shi har jikinsa ya daina rawa.

Labarin ya yi ƙarfin hali, amma ya yi gaggawar warkar da mai ciwon, domin cikin 'yan shafuka aka gama komai, kamar zazzaɓin kwana uku. Wanda ya gyara wannan shi ne Dennis O'Neil, marubucin da shi kansa ya sha fama da giya kuma bai ɓoye ba. Da ya karɓi mujallar a 1982, sai ya mayar da Stark ga kwalba, ya kuma ƙi ceto shi da wuri. A 1983 abokinsa James Rhodes ya karɓi sulken domin mai shi ba ya iya tsayuwa, wani abokin hamayya mai suna Obadiah Stane ya ƙwace kamfanin, attajirin jiya ya koma kwana a titunan New York. A fitowa ta 182, a 1984, wata mata mai suna Gretl, wadda suke yawon shaye-shaye tare, ta haihu a waje cikin guguwar dusar ƙanƙara ta rasu, shi kuwa ya cusa jaririn cikin rigarsa ya rungume shi har gari ya waye. Daga nan ne ya fara son rayuwa, kuma sai a fitowa ta 200, a 1985, ya koma fuskantar Stane. A ganina wannan shi ne mafi gaskiyar abin da aka rubuta a kan batun, domin ya nuna cewa komawa ruwa bayan an daina wani ɓangare ne na ciwon, kuma fita tana ɗaukar shekaru.

Har zuwa nan, mahaifin Stark yana can nesa, ana ambatonsa ne kawai a matsayin hamshaƙin da ya bar dukiya. A farkon shekarun 1990, a hannun marubuci Len Kaminski, aka shiga cikin gidan. Aka nuna Howard Stark mashayi ne mai zafin rai, wanda yake ganin ɗansa rago, har ya miƙa wa ƙaramin yaro kofin giya mai ƙarfi ya tilasta masa ya sha don ya zama namiji. Yaron ya haɗiye abin da ke ƙona masa maƙogwaro saboda yana neman yardar uban da ba ya yaba masa. Wannan ɗan taƙaitaccen zane ya sauya ma'anar duk abin da ya gabata, domin kwalbar da aka ɗauka ta fito daga matsin kasuwanci ashe daga teburin gida ta fito. Ba Stark kaɗai aka yi wa wannan tono ba: tun a 1985 Bill Mantlo ya danganta fushin Hulk, wani jarumin Marvel, da uba mashayi mai dukan iyalinsa.

Marubutan suna tafiya ne tare da abin da al'ummarsu take koyo. Ƙungiyar mashaya masu taimakon juna ta Alcoholics Anonymous ta kafu a 1935, ƙungiyar likitocin Amurka ta amince a 1956 cewa jarabar giya cuta ce, sannan a 1973 Donald Goodwin ya wallafa bincikensa kan 'ya'yan riƙo a Denmak, inda ya gano cewa 'ya'yan mashaya da suka tashi a wasu gidaje sun fi sauran faɗawa jarabar kusan ninki huɗu. Binciken tagwaye da ya biyo baya ya ɗora kusan rabin haɗarin a kan abin da ake gada ta jini. Sauran rabin yana ga reno da abokai da abin da mutum ya gani ana yi. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma karin maganar ba ta faɗa mana ko gudun a jini yake ko a kallo ba.

Nan ne labarin ya yi wata juyawa da ban tsammanin an tsara ta don wannan tambaya ba, amma ta faɗo daidai kanta. A 2013 Kieron Gillen ya bayyana cewa Tony ɗan riƙo ne, ɗan da Howard da matarsa Maria suka haifa shi ne Arno, wanda aka ɓoye. A 2016 aka nuna mahaifiyar Tony ta asali, Amanda Armstrong. Ke nan babu ɗigon jinin Howard a jikinsa, amma kofin da aka miƙa masa yana nan daram. Abin da ya gada ya gada ne ta ido da kunne da tsoro, kuma ina ganin wannan ya fi ɗora wa uban nauyi fiye da da, tunda babu wanda yake zaɓar jininsa, alhali hannun da ya miƙa kofin ya san abin da yake yi.

Fina-finai sun ratsa batun sama-sama. Fim ɗin Iron Man na biyu, na 2010, ya tsaya ga wurin biki guda inda ya bugu cikin sulke. A takarda kuwa ba a taɓa rufe maganar ba. A 1998, lokacin da Kurt Busiek ya nuna jaruma Carol Danvers tana ɓoye shan giyarta, Stark ne ya fara gane alamun, domin ya san su a jikinsa, kuma daga baya shi ne ya zama majiɓincinta a taron masu neman dainawa. A 2011, a labarin Matt Fraction, da yake neman ganawa da Odin, babban abin bauta a tatsuniyoyin arewacin Turai, kuma ya ga sai ya sadaukar da abu mafi daraja a gare shi, bai miƙa dukiya ko sulke ba. Ya buɗe kwalba ya sha, ya zubar da shekarun da ya yi bai ɗanɗana ba, daga nan ya koma ƙirga kwanakinsa daga ɗaya.