Ma'anar kwandakta: wane ne mai kaɗa sanda a gaban makaɗa?

Wani irin bidiyo ya zagaya wayoyin matasa a Katsina: makaɗa kusan ɗari cikin baƙaƙen kaya, kowa da abin kiɗansa, ga wani mutum tsaye a gabansu ya ba 'yan kallo baya, yana wulwula siririyar sanda. Bai busa komai ba, bai doka komai ba, amma da an gama shi ne ke juyowa ya karɓi tafi. Dole mai kallo ya ce, to shi wannan mene ne nasa a ciki? Sunansa kwandakta, wato jagoran makaɗa, wasu kuma su ce masa mayestiro don girmamawa.

A wajenmu ba a buƙatarsa. Mawaƙi shi ke jan kiɗa da bakinsa, masu kalangu da 'yan amshi suna gab da shi, ko numfashi ya ja sun san inda ya dosa. Babbar ƙungiyar makaɗan Turai, wadda ake kira okestira, lamarinta daban ne. Mutum 70 zuwa 100 ne, an kasa su gida huɗu: masu tsirkiya, masu busa na itace, masu ƙahonin tagulla, da masu ganguna. Kiɗan a rubuce yake, kuma kowa nasa layin kawai ke gabansa. Mai ganga na can ƙurya, kafin sautin na gaba ya iso kunnensa an riga an wuce wurin. Shi ya sa suke bin hannun mutum ɗaya da ido.

Kwandakta kaɗai ke riƙe da littafin da ya tattara layukan kowa. Hannun dama, mai sandar, shi ke ƙirga bugu, ya nuna a yi sauri ko a sassauta. Hannun hagu kuwa na lallashi ne da tsawatarwa: ya ɗaga tafi sama sauti ya cika ɗaki, ya kife shi ƙasa a koma kamar raɗa, ya miƙa yatsa ga mai sarewar da ya daɗe yana jira, alamar shigo yanzu. Har ido da gira suna aiki. Sai dai abin da ake gani daren wasa ɗan kaɗan ne. Ainihin aikin yana wurin atisaye, inda zai tsayar da mutum 80 saboda gaɓa ɗaya, ya sa a maimaita har ta zauna. Takarda ta ce a sassauta, amma ba ta faɗi iya yadda za a sassauta ba. Wannan hukuncin nasa ne, kuma shi ya sa kiɗa ɗaya kan fito da kama biyu a hannun jagora biyu.

Da can sanda mai nauyi ake bugawa a ƙasa. Jean-Baptiste Lully, makaɗin fadar Sarkin Faransa, ya daki ƙafarsa da ita yana jagorancin wasa, ciwon ya ruɓe, ya mutu a 1687. A wurare da yawa kuma babban mai goge ne ke jan sauran da bakansa, daga inda yake zaune. Sai a ƙarni na 19 ƙaramar sanda ta samu karɓuwa, a hannun irin su Felix Mendelssohn, wanda ya karɓi jagorancin makaɗan Leipzig a Jamus a 1835. Har gobe babban mai gogen nan yana zaune a hagun kwandakta, shi ke tashi ya sa a daidaita tsirkiya kafin a fara, kuma shi ake fara miƙa wa hannu.

Gogen nasu, bayolin, ɗan'uwan namu ne ta wajen aiki. Namu ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Nasu akwatin katako ne mai tsirkiya huɗu, ana maƙale shi a ƙarƙashin haɓa. Amma bakan duka biyun izga ce, kuma duka sai an goga mata ƙaro kafin ta kama tsirkiya ta yi kuka.

Wanda rayuwarsa ta fi bayyana mini wannan kalma shi ne Yehudi Menuhin. An haife shi a birnin Niyok na Amurka a 1916, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha ta da. Yana ɗan shekara 11 ya tsaya a zauren Carnegie ya goga babban kiɗan bayolin na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus. A 1932, yana da 16, ya naɗi kiɗan Edward Elgar a faifai, dattijon da ya tsara kiɗan da kansa ne ke riƙe da sanda. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojojin ƙawance wasa fiye da sau 500. A 1945 ya je ya yi wa waɗanda suka tsira daga Bergen-Belsen, sansanin azabtarwa na 'yan Nazi a Jamus, kiɗa, a 1947 kuma ya koma Jamus ya yi wasa tare da Wilhelm Furtwängler, kwandaktan da ya ci gaba da aiki a Jamus a zamanin 'yan Nazi, abin da ya jawo masa zagi daga 'yan'uwansa Yahudawa da yawa. Ina ganin girmansa a nan, don bai ɗauki kiɗa a matsayin abin ramuwar gayya ba. Daga baya ya zauna da Ravi Shankar, shahararren makaɗin Indiya, suka yi faifai tare, bai raina kiɗan da ba na gidansu ba.

Sanda ta zo masa ne bayan ya daɗe da goge a kafaɗa. Daga 1959 ya riƙe bikin kiɗa na garin Bath a Ingila, yana jan ƙungiyar makaɗansa, wani lokaci da gogen a hannu. Da shekaru suka ja, hannun bakansa ya fara ba shi wahala, sai jagorancin ya zama babban aikinsa. Wanda ya yi shekara 40 a gaban makaɗa yana sauraron kowane sashe ya san abin da yatsa zai iya da wanda ba zai iya ba, kuma makaɗa na saurin gane jagoran da ya san zafin sana'ar.

Sai koyarwa, wadda a ganina ita ce ta fi sauran nauyi. Kwandakta na gari malami ne tun a wurin atisaye, Menuhin kuwa ya kai abin har ga gina makaranta. A 1963 ya buɗe ta a Landan, shekara ɗaya bayan nan ta koma ƙauyen Stoke d'Abernon, yara masu baiwa suna kwana a ciki, suna haɗa karatun boko da kiɗa. Shahararrun masu bayolin Nigel Kennedy da Nicola Benedetti duk can suka fito. A 1977 ya kafa Live Music Now, da ke tura matasan makaɗa su yi wasa a asibitoci, gidajen yari da gidajen tsofaffi. Wannan sashen na tarihinsa yana sosa mini rai idan na tuna da masu goge da kukuma na ƙasar Katsina da Daura. Gwani ya tsufa, 'ya'yansa sun kama wata sana'a, ba wanda ya zauna ya karɓi salon hannunsa, kuma kiɗan ba a rubuce yake ba. A Legas akwai cibiyar MUSON mai makarantar kiɗa, mu kuwa ko masu tambura da algaita na fada, gado ne kawai ke riƙe da su.

Menuhin bai ajiye sanda ba har ƙarshe. Birtaniya ta ba shi kujera a majalisar dattawanta a 1993. Ya mutu a Balin ranar 12 ga Maris 1999, yana da shekara 82, a tsakiyar rangadin da ya fita yi a Jamus da makaɗan Sinfonia Varsovia na ƙasar Foland.