Karon Ƙarar Rushe Kamfani da Shari'ar Ceto Shi

Karon ƙarar rushe kamfani da shari'ar ceto shi yanayi ne da ke tasowa idan wani mai bin bashi ya nemi kotu ta rufe kamfani a sayar da kadarorinsa a biya shi, ana cikin haka kuma sai wani, ko banki ko daraktocin kamfanin, ya nemi a naɗa kantoman riƙo da zai yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Buƙatun biyu ba sa tafiya tare, don haka doka ce ke fayyace wadda za ta ja da baya.

A Najeriya batun yana ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda lauyoyi ke kira CAMA, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020. Ita ce ta maye gurbin dokar 1990, kuma ita ta fara kawo tsarin kantoman riƙo, wanda aka ɗauko tsarinsa daga dokar Ingila ta 1986. Hurumin sauraren irin wannan shari'a na Babbar Kotun Tarayya ne bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999, saboda haka ɗan kasuwar Sakkwato reshen wannan kotu zai nufa da ƙararsa.

A ɗauki misalin kamfanin shinkafa da ya karɓi shanshera buhu ɗari biyar daga wani dillali na Goronyo, aka yi ta cewa "Alhaji, a ƙara haƙuri" har damina ta zagayo. Idan bashin ya haura iyakar da doka ta gindaya (naira 200,000 ce lokacin da aka kafa dokar a 2020), dillalin ya kai takardar neman biya ofishin kamfanin, mako uku ya wuce ba a biya ba, doka na ɗaukar kamfanin a matsayin wanda ya gaza biyan bashi. A tsohuwar doka naira 2,000 ce iyakar. Daga ranar da ya shigar da ƙarar rushewa abubuwa ke sauyawa: in har kotu ta ba da umurnin rushewa daga baya, ana lissafin farawarsa ne daga ranar shigar da ƙara, kuma duk injin ko motar da aka sayar a tsakani cinikin ya ɓaci, sai in kotu ta amince da shi. Wannan ne ke sa bankuna ɗaure asusun kamfani da zarar sun ji labari.

To idan kotu ta ba da umurnin naɗa kantoma, ƙarar dillalin korarta ake yi. Idan kuwa bankin da ke riƙe da jinginar da ta game dukiyar kamfanin ne ya naɗa shi ba ta hanyar kotu ba, ƙarar dakatar da ita ake yi, tana nan tana jira. Daraktoci su ba su da wannan gata: muddin akwai ƙarar rushewa da ba a yanke ba, sai sun bi ta kotu. Hikimar a fili take, domin da ba haka ba, duk wanda aka kai ƙara sai ya naɗa nasa mutum ya toshe bakin masu bin sa. Muddin kantoma na riƙe da kamfani ba mai ƙwace kaya ko ci gaba da shari'a sai da yardarsa ko izinin kotu, kuma wa'adinsa shekara ɗaya ne in ba a tsawaita ba.

Indiya ta sha fama da wannan tambaya bayan dokarta ta 2016 kan gaza biyan bashi, lokacin da tsofaffin ƙararrakin rushewa ke jibge a manyan kotunan jihohi. A shari'ar Forech ta 2019 Kotun Ƙoli ta ce ƙarar da ke jira ba ta hana mai bin bashi buɗe sabuwar shari'ar ceto. A shari'ar Action Ispat ta 2020 ta ƙara da cewa ko an ba da umurnin rushewa ana iya mayar da maganar kotun da ke sauraren shari'ar ceto, matuƙar ba a ɗauki matakin da ba ya warwaruwa ba, kamar sayar da kadarori.

Fifita ceto yana da hujja mai ƙarfi, don injin da ke aiki ya fi wanda aka yi gwanjonsa daraja, ga kuma ma'aikata da iyalansu. Sai dai nauyin jiran yana sauka ne kan ƙaramin mai bin bashi da ba ya riƙe da jingina. Dillalin Goronyo ya biya lauya, an kori ƙararsa, manoman da ya karɓi amfaninsu na zuwa ƙofar gidansa, kuma in ceton bai yiwu ba, sai masu jingina da ma'aikata da haraji sun samu kafin a zo kansa. Abin da ya rage masa shi ne ya miƙa wa kantoma shaidar bashinsa a rubuce, ya kaɗa ƙuri'a a taron masu bin bashi, ya kuma koma kotu idan kantoman ya cutar da haƙƙinsa.