Ba kowane sanatan Amurka ne ke zama a Washington ba

Da zarar an ji ɗan takarar sanata a Amurka, sai a ɗauka Washington ya nufa. Ruɗanin ba abin mamaki ba ne, tunda a Najeriya majalisa ɗaya kowace jiha take da ita. Can kuwa jihohi 49 kowacce na da majalisar dattawanta. Nebraska ce kaɗai ta koma majalisa ɗaya tun 1937.

A zaɓen Nuwamban 2026, jihar New York za ta sake cike kujeru 63 na majalisar dattawanta gaba ɗaya, kuma a Albany, babban birnin jihar, masu nasara za su zauna, su tattauna kasafin kuɗin jihar da dokokin haya da makarantu. Kada a raina kujerar: irinta Obama ya riƙe a Illinois daga 1997 zuwa 2004.